Belin Mai Wanki

Magatakardan kotu ya ɗaga wani gajeren wando da bakin biro, ya ce, "Shaida ta huɗu." Zauren ya kece da dariya, har alƙali sai da ya sunkuyar da kai. Matar mai wanki kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Laifin mijinta bai wuce shanya kayan mutane a kan shingen lambun hukuma ba, ranar da igiyarsa ta tsinke.

Dariyar ta ɗauke sa'ad da aka karanto sharaɗin beli: kuɗin da ko shekara biyu ya yi yana dirzar tufafi ba zai tara ba, da mutum biyu masu gidan kansu da za su tsaya masa.

* * *

Matar ta zaga dangi har takalminta ya tsinke. Kawunta ya gama saurarenta, ya shafa gemu.

"'Yar nan, gida ɗaya na mallaka, shi ma sai ranar da na cika za a haƙa mini."

Ta yi dariya har da ƙwalla, don abin ya fi ƙarfin kuka.

Tana komawa gida ta tarar da wani ƙaton mutum a ƙofa yana huci.

"Baiwar Allah, ina baƙar rigata? Jibi ina da shari'a!"

"Ranka ya daɗe, tana kotu. Ta riga ka zuwa."

Ashe lauya ne, mijinta ke masa wanki. Da ya ji labarin, sai ya daina huci, ya nemi kujera.

* * *

Ranar zama lauyan ya shigo kotu cikin rigar aro, hannuwanta iya gwiwar hannu.

"Ya mai shari'a, kundin tsarin mulki ya hana a ɗora wa mutum belin da ya fi ƙarfin laifinsa. Beli tabbaci ne mutum zai dawo, ba hukunci ba ne tun kafin a yi shari'a. Wannan kuma ina zai gudu, rabin kayan unguwa na hannunku, har da nawa?"

Alƙali ya danne murmushi, ya saki mai wanki bisa alkawarinsa, ya ce a mayar wa kowa da kayansa.

Gida ya cika da maƙwabta, ana ta barka, ana tsokanarsa wai ya yi fari.

Da safe matarsa ta same shi durƙushe gaban baho yana cuɗa wata yagaggiyar riga.

"Maigida, ko hutawa ba za ka yi ba? Ta waye?"

"Ta wani tsoho ce da muke ɗaki ɗaya a gidan yari. Baro ya ajiye inda aka hana. Damina biyu ke nan yana jiran mai tsaya masa."

Ta ɗauko allura da zare, ta zauna gefensa tana jiran rigar ta bushe.