Filin da aka kafa wa turaku a Kagara

Shekara ashirin da uku Andrawus ya yi yana aikin ruwa a madatsar Goronyo. Mutumin Zuru ne, ya zo da ƙuruciyarsa, ga shi yau furfura ta cika masa saje. Aikinsa shi ne auna tsayin ruwa da safe, da buɗe ƙofofin magudana a ranar da ta kama. Babu manomin rani daga Kagara zuwa Wurno da bai san babur ɗinsa ba.

Saboda wannan sanayya aka haɗa shi da baƙin. Wani kamfani ne daga Abuja, suna neman inda za su gina abin da suka kira rumbun bayanai. Shugabar tawagar, Injiniya Ruƙayyatu, ita ta yi masa bayani a gindin darbejiyar ofis: katafaren gida ne cike da na'urori, duk hoton da mutum ya ɗauka a waya, duk saƙon da ya aika, can yake kwana. Na'urorin zafi suke yi kamar murhu, sai da ruwa mai yawa ake sanyaya su. Ga ruwa nan kwance, ga fili.

Filin da ya yi musu kuwa na mutanen Baba Mode ne, dattijon da manoman albasar Kagara ke ji da maganarsa. Sau huɗu Andrawus yana zuwa ƙofar gidansa. Ya ce za a ɗauki matasa aiki, za a kawo wuta, za a gyara hanya. Sai a zuwa na huɗu tsohon ya ba shi amsa.

"Malam Andrawus, mu ba mu san mutanen ga ba. Kai munka sani. In ka ce a bari, an bari."

Aka kafa turaku masu jan kai tun daga bakin magudana har gindin giginya. Ranin nan gida goma sha ɗaya ba su dasa albasa ba.

Bayan wata takwas baƙin suka dawo, amma maganar ta canza. Yanzu ba ruwa ne babbar damuwarsu ba, wuta ce. Wai masu zuba jari ba sa son jin ƙarar janareta, sai wutar hasken rana, don haka ana bukatar ƙarin fili na shimfiɗa faifan sola. Andrawus ya sake hawa babur, ya sake durƙusawa gaban dattawa. Aka ƙara turaku. Matarsa Justina ta ce masa, "Kai da bakinka kake ta raba alkawarin da ba naka ba." Shi kansa ya fara gajiya da jin muryarsa.

Zuwan baƙin na uku a cikin watan Maris ne, rana tana dukan ƙeya. Mota ɗaya ce kawai, Injiniya Ruƙayyatu da direba. Ba ta ma fito da taswira ba. Ta zauna kusa da Andrawus kan bencin ofis, ta cire tabarau tana murza idanu.

"Baba, an fasa."

"An ɗaga dai?"

"An fasa. Na'urorin da ake yayi yanzu, na ƙirƙirarriyar basira, wutar da suke ci ta fi ta gari guda. Kuma an samo hanyar sanyaya su da ruwa kaɗan mai zagayawa cikin bututu, ba sa bukatar madatsa. Waɗanda za su yi hayar wurin kuma sun ce sai kusa da inda wayar intanet ta fito daga teku. Legas za a kai shi."

"To mutanen da suka bar gonakinsu rani biyu fa?"

Ta ce wannan ne wuri na uku da aka aike ta ta faɗi irin wannan magana a bana, kuma waɗanda suka yanke shawarar ko sunan Goronyo ba su iya faɗa daidai ba. Ta roƙe shi ya isar da saƙon, don ita ba za ta iya haɗa ido da dattawan ba. Andrawus ya so ya yi fushi da ita, sai ya ga ita ma a gajiye take kamar shi.

Ya tarar da Baba Mode a inuwar rumbu yana ɗinkin buhu. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum, don Andrawus ya kasa shiga maganar.

"Mi sunka ce?" in ji tsohon.

"Sun fasa, Baba."

Mode ya zare allurar, ya soke ta a hularsa. Bai ɗaga murya ba.

"Lokacin dashen albasa ya wuce. Ɗiyana biyu sun tahi ci-rani tun bara, don babu abin yi. Ƙasar kuma ciyawa ta cinye ta."

"Laifina ne, Baba. Ni na kawo su."

"Kai anka aiko. Amma gobe in wasu sunka zo, kak ka kawo muna su. Ka buɗe muna ruwa ran Talata, mu gani ko wake shi kama."

Ranar Talata Andrawus ya buɗe ƙofar magudanar da kansa. Ƙasar ta bushe har ta tsattsage, ruwan ya ɗauki rabin yini kafin ya kai ƙarshen fili. Gida shida ne kawai suka fito da fartanya, sauran mazansu ba sa gari. Waken ya kama a gefen magudana, can ciki kuwa zafi ya ƙone shi tun yana fure. Da damina ta faɗi, ɗaya daga cikin 'ya'yan Mode ya dawo, ɗayan ya aiko cewa ya samu aikin gadi a Sakkwato, zai zauna.