Itacen da Yaya Ta Hana Sayarwa

Sai da wutar dajin ta mutu Auta ya iso gida, da babbar motarsa ta ɗaukar kaya da injin yanka itace da ya aro wurin abokinsa. Tun daga kwanar ƙarshe ya rage gudu yana kallo. Tudun da ke bayan gidajensu, inda mahaifinsu ya bar musu gonaki, ya koma baƙi ƙirin. Itatuwa na tsaye ba ganye ba ƙananan rassa, ga ƙauri har cikin mota duk da gilashi a rufe.

A can sama ya tarar da yayarsa, ta sa takalmin roba na mijinta, toka har gira. Ita ce ta zauna a gonar lokacin da shi ya tafi birni tuƙi. Bayan jaje da tambayar lafiyar yara, ya shiga abin da ya kawo shi.

"Yaya, abin da ya ƙone ya ƙone. Na samu mai sayen itace, yau na yanka gobe na loda. Ko ba komai a rage asara."

"Ka kyauta da ka zo da inji," in ji ta. "Yankawa za mu yanka. Lodawar ce babu."

Ya ɗauka wasa take yi. Sai ta kwance gorar ruwan da ke ɗaure a ƙugunta, ta share toka da ƙafa, ta tsiyaya kaɗan a ƙasa. Auta ya zuba ido. Ruwan bai shige ba. Ya dunƙule kamar an zuba shi a kan leda, ya gangara ya ja toka ya tafi da ita.

"Jami'ar gandun daji ce ta nuna mana da ta zo duba ɓarna," in ji Yaya. "Ta ce in wuta ta yi zafi sosai, ƙasa takan yi wani irin maiƙo ta daina shan ruwa. Ga shi babu ciyawa, babu ganye, saiwoyi sun mutu. Wannan ɗan ruwan gora ne. Ka duba ƙasa ka gaya mini ina ruwan sama zai sauka."

Ya duba. A gindin gangaren ga gidanta, ga gidajen maƙwabta, ga rijiyar da kowa ke ɗiba. Damina kuwa ta kusa.

Dabarar da jami'ar ta ba su ba ta da wuyar faɗi. A kayar da matattun itatuwa, a kwantar da su a gicciye bisa gangaren layi-layi, a kafa turaku su riƙe su, a toshe ƙarƙashinsu da ƙasa, a baza busasshiyar ciyawa tsakani. Mutanen gari sun saurara sun gyaɗa kai, kowa ya koma ga asararsa. Yaya kaɗai ta tambayi tsawon turke.

Auta ya yarda, ba don ya so ba. Amma washegari da ya ga ta wuce gonarsu ta ci gaba da hawa, sai ya tsaya cak.

"Ina kuma za mu? Nan ai wurin Baba Dogo ne."

Baba Dogo tsoho ne mai awaki da ke zaune shi kaɗai a ƙolin tudun. Ya yi rigimar iyaka da mahaifin su Auta har mahaifin ya rasu ba sa gaisawa.

"Daga sama ruwa ke farawa," in ji Yaya, ba ta ko waiwaya ba. "In ya taro ƙarfi a nan, duk abin da muka jera a ƙasa tsinke ne. Ruwa bai san shari'arsa da babanmu ba."

Tsohon ya fito da sandarsa ya tare su. Ya ce ya san irin wannan taimako, yau a kafa turke gobe a ce nan ce iyaka. Auta har ya buɗe baki, Yaya ta riga shi. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi awakin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba, kai za ka nuna inda za a kafa kowane turke. Inda ka ce a'a, ba za mu taɓa ba." Tsohon ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya nuna wani wuri da sanda ya ce, "To, nan. Kuma kada wannan mai hayaniyar ya firgita mini dabbobi."

Haka aikin ya fara. Auta na kayar da itace, mijin Yaya, wanda kafinta ne, yana feƙe turaku yana tsokanarsa.

"Suruki, a hankali. Wannan ba sitiyari ba ne, ba ya juyawa da yatsa ɗaya."

"Kai dai ka ji da turakunka. Wancan da ka feƙe ko kaza ba zai ɗaure ba."

Yaya kuwa ba ta da lokacin raha sai jefi-jefi. Ita ke auna layi da igiya, ita ke durƙusawa ta cusa ƙasa ƙarƙashin kowane gungume da hannu, don in an bar kafa ruwa zai bi ta nan ya rarake. Tafin hannunta ya tsage, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Da ciyawar bazawa ta ƙare, ta buɗe rumfar da ta tara wa shanunta abincin rani ta ce a kwashe rabi. Kafinta ya dube ta, sannan ya ɗauki dami na farko da kansa.

Wata rana suna hutawa a sama, Auta ya lura da abin da bai gani ba tun zuwansa. Ba ko'ina wutar ta ci daidai ba. Inda awakin Baba Dogo ke kiwo, ta ɗan lashi ƙasa ta wuce. Inda Yaya ke nomawa tana sharewa, a gefe ta tsaya. Amma gonakin waɗanda suka tafi birni, da suka cika da ƙaya da busasshiyar ciyawa, nan ta samu abin ci ta hau kan itatuwa. Tasa gonar na cikinsu. Ya faɗa wa Yaya haka, murya ƙasa-ƙasa.

"Rabin tudun nan haka yake," in ji ta. "Mutum ba zai zauna da yunwa don ya yi wa ciyawa gadi ba. Sai dai in za a bar gona, a bar ta a hannun wani. Tashi, rana na yi."

Ganin layukan suna saukowa daga sama ya sa maƙwabta suka fara fitowa, wannan da gatari, wancan da baro. Duk da haka ba su gama ba. Saura gonar Yaya ta ƙasa, inda take da kayan lambu, hadari ya taso wata la'asar.

A rumfar awakin Baba Dogo ruwan ya ritsa su. Ya sauko kamar da bakin ƙwarya, nan take ƙasa ta fara gudu baƙa wuluk. Auta ya leƙa daga bakin rumfar. Ya ga malalar ta daki layin farko ta tsaya ta taru, ta tsallake a gajiye, ta daki na biyu. Wani gungume ya ɓalle daga turakunsa ya juya, kafin Auta ya ankara Yaya ta fita cikin ruwan. Ya bi ta, Kafinta ya biyo su, suka tura shi da kafaɗa suka mai da shi, tsohon na daga rumfa yana ihu, "Hagu! Ku tura hagu, ku kurame ne?"

Da aka ɗauke ruwan suka sauko. Bayan kowane gungume laka ta taru lafiyayya, ƙasar da da yanzu tana cikin ɗakunan mutane. Ruwa ya shiga tsakar gidaje amma bai zo da taɓo ba, rijiya kuma fes. Gonar Yaya ta ƙasa ce ta sha kashi. Kwazazzabo ya tsaga ta gida biyu, kayan lambun duk sun tafi.

Auta ya tsaya a bakin ramin. "Da nan muka fara, da ba ki rasa ba."

"Da na tsira da tumatir na rasa katifa," in ji ta. Ta daɗe tana kallon wurin, ta goge ido da bayan hannu, sannan ta tambaye shi ko motarsa za ta iya ɗauko duwatsu daga bakin rafi.

Ta iya. Ya yi ta jigila, maƙwabta suna jerawa a cikin ramin. Baba Dogo bai ce an gode ba, ba halinsa ba ne, amma ya sauko da jakinsa ɗauke da takin awaki ya juye a gonar, ya koma ya sake kawowa. Kafin damina ta yi nisa, ciyawa ta fara tsirowa a lakar da ke bayan gumaguman.

Ranar da Auta zai koma bakin aiki, ya shiga ɗaki yi mata sallama da hantsi. Ya same ta zaune a kujera, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, barci ya kwashe ta a haka. Ya juya ya ga Kafinta a bakin ƙofa ya ɗora yatsa a baki.

"In ka tashe ta," ya raɗa masa, "akwai sauran layi a gefen rijiya. Ni da kai za ta ba."

Suka fita a kan yatsun ƙafa. Auta ya saki birki ya bar motar ta gangara da kanta, sai da ya wuce gidan sosai sannan ya tayar da inji.