Lanƙwasar Jirgin Lambun Abu Nuf

Tun ranar da aka buɗe Lambun Abu Nuf, a shekarar 2011, Baraka take soya waina a cikinsa. A lokacin ba abin da ke wurin sai lilo huɗu, da ɗan doki guda da ake ɗora yara a kai, da rumfar kwano inda iyalai ke shimfiɗa darduma bayan la'asar. Fili ne a bayan garin Makka, a hanyar Ɗa'ifa, duwatsu sun tsare shi ta ɓangare biyu.

Mai wurin, Mukhtaru, tsohon ɗan ƙwallo ne da ya yi suna har ana buga hotonsa a kwalin madara. Da gwiwa ta hana shi wasa sai ya sayi filin. Mutane na ce masa Abu Nuf, da sunan 'yarsa ta fari. Baraka kuwa ta san shi tun yana yawo ba takalmi a unguwar Jarwal, domin lungunsu ɗaya da mahaifiyarsa, Hajiya Maryama, kafin otal-otal su maye gurbin tsofaffin gidajen, kowa ya kama gabansa.

Lambu ya yi ta girma a kan idonta. Aka kawo motocin lantarki masu karo da juna, aka kafa ƙaton lilo mai juyawa sama, aka haƙa tafki aka zuba ƙananan kwale-kwale. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ɗan jirgin ƙasan da aka kawo a 2015. Fili ga shi a shimfiɗe kamar faifai, amma layin dogon sai ya yi dama, ya yi hagu, ya koma baya kamar wanda ya yar da abu. Duk shekara a ƙara fili, a ƙara layin, a giggina gajerun bangaye masu ƙofofin katako a gefensa.

Ta tambayi Dawuda, direban jirgin, wanda haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi da rabi.

"Wallahi ya khala, ban sani ba," in ji shi, yana kiran ta gwaggo da Larabci. "Injiniya ya zana miƙaƙƙe. Abu Nuf ya juya takardar, ya zana nasa da biro, ya ce haka za a yi."

'Yarta Rabi'atu ta ce ƙila dutse ne a ƙarƙashin ƙasa ake kauce wa. Mai sayar da lemo ya ce don yara su daɗe a ciki ne. Baraka ba ta gamsu ba. Shekara biyu tana kallon jirgin daga bakin tanda, kunya ta hana ta hawa, wai a ga tsohuwa da jikoki a kujerar yara.

Wata Talata da mutane suka yi ƙaranci, ta miƙa wa Rabi'atu cokalin juya waina, ta gyara abaya, ta hau kujerar baya. Jirgi ya tashi. A kwana ta uku ta ga jikinta ya karkata tun kafin jirgin ya juya. Ta riƙe ƙarfe, ta zuba ido. Ga ɗan hawa mai matakala uku. Ga taga ƙasa-ƙasa, irin wadda Salihu mai burodi yake miƙo burodi ta ciki. Lungunsu ne na Jarwal, lanƙwasa bayan lanƙwasa.

A kwana ta biyar ta karkata hagu, jirgi ya yi dama, kafaɗarta ta bugi ƙarfe.

"Tsaya, Dawuda! Ina mai gidanka?"

Suka same shi a bakin tafki yana duba wani injin ruwa. Ya miƙe da sauri ya gaishe ta.

"Mukhtaru, wa ya ce maka ana bin dama daga gidan Salihu?"

Ya ce, "Kin gane, Gwaggo?"

"Ina zan kasa ganewa? A lungun aka yanke cibiyata. Dama ai lungun Buharawa ne, ba ya ɓullewa. Hagu ake bi, a wuce shagon Sabo tela, sannan a iso ƙofarku. Amma faɗa mini, me ya kai ka wannan aiki?"

Ya jawo mata kujera, shi ya zauna a kan bokiti. Ya ce Hajiya ta fara mantuwa, kullum sai ta ɗaure kaya ta ce a mayar da ita gida. Ya taɓa kai ta Jarwal a mota, ta dubi dogayen benaye ta yi masa faɗa, ta ce ya ɓatar da su. Shi ne ya fara gina abin da ya tuna, alhali yana da shekara goma sha huɗu ya bar unguwar.

"Bara na kawo ta," in ji shi. "Tana ta murmushi, sai can ta ce direban nan bai san hanya ba. Na rasa inda na yi kuskure, kuma na ji nauyin tambayar kowa, kada a ce ƙwallo ta taɓa mini kai."

Washegari Baraka ta kira tsofaffin maƙwabta biyu a waya, Khadijat daga unguwar Aziziyya da matar marigayi Sabo. Suka zo da sandunansu, suna zane a ƙasa, injiniya na biye da su da littafi. Mako uku suka yi suna gardama a kan inda famfon unguwa yake. Da aka gama, sai aka ga hagun nan ya faɗa bayan katangar lambun, dole aka nemi filin da ke maƙwabtaka, aka matsar da rumfunan abinci, har da ta Baraka.

A farkon 2018 aka kawo Hajiya Maryama, Baraka ta zauna kusa da ita. Jirgi ya yi hagu, wannan karon Hajiya ba ta yi ƙorafin direba ba. Da suka iso wata koriyar ƙofa irin ta gidansu na Jarwal sai ta buga ƙarfe da zobenta, ta ce a sauke ta. Ta taka a hankali ta tura ƙofar. Ba komai a bayanta sai tsakuwa da dutse. Mukhtaru ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta jawo ƙofar ta rufe, ta zauna a dokin ƙofa, ta dubi Baraka da kyau.

"Ke ba 'yar Asabe ba ce? Zauna mana. Uwarki ta dawo daga Mina?"

Baraka ta zauna. Suka yi ta hira har aka kira magariba. A hanyar komawa Mukhtaru ya tambaye ta ko tana ganin Hajiya ta ɗauka gidan gaske ne. Ta ce ita ma abin da take ta tunani ke nan, kuma ba ta sani ba.

Daga baya ya sa aka gina ɗaki a bayan ƙofar, aka sa na'urar sanyi da kilishi, tsofaffin Jarwal suka mayar da shi majalisarsu ta ranar Talata. Ya so a ja layin gaba, amma a cikinsu ba wadda ta iya tuna abin da ke bayan gidan su Hajiya. Khadijat ta ce akwai wata tsohuwa a Jidda da za ta sani, an bar wa Baraka neman lambarta.