Hoton da Inna Ba Ta Goge Ba

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta rasu ba mu da hotonta ko ɗaya a hannu. Ba wai ba a ɗauka ba ne. An ɗauka a biki, an ɗauka a suna, an ɗauka ranar sallah da ranar da ba a komai. Amma duk wanda ya ɗaga waya a gidanmu na Soron Ɗinki ya san abin da zai biyo baya. Inna za ta miƙo hannu ta ce, "Nuna mini." Sai ta nisanta wayar da fuskarta, ta ƙura mata ido, ta ce, "Wannan ba hancina ba ne. Goge." Kuma ba za ta sake ka ba sai ta ga ka goge, ka shiga wurin da gogaggun hotuna suke taruwa ka sake gogewa. Matar da ba ta iya ajiye lamba a waya ba, amma ta san da wannan wurin. Har yau ban san wanda ya nuna mata ba, kuma ban yafe masa ba.

Akwai na katin zaɓe, gaskiya. Sai dai duk wanda aka nuna wa sai ya tambaya wane ne wannan dattijon.

Sunanta 'Yardada, Bafulatana ce daga wani ƙauye a kan dutsen Mambila. Babanmu ya auro ta lokacin da yake fataucin fata, ta zo Kano da ƙwarya guda da kuma wannan hancin, kuma tun daga nan ba ta koma ba. Duk shekara takan ce za ta je gida bayan babbar sallah. Da sallar ta wuce sai ta ce ai ta baɗi take nufi.

Mu biyu ta haifa: Yaya Mikail, sai ni, Muhsina. Yaya shi ne ɗan fari, don haka Inna tana yi masa kara irin ta Fulani. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa. Idan za ta ba shi abinci, sai ta kalli bango ta ce, "A gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa," shi kuwa yana zaune a gabanta, kansa a sunkuye. Ni kam tana kiran sunana sau ɗari a wuni, yawanci don ta ce in rage surutu.

Yaya malamin makaranta ne a Gwale, mutum mai natsuwa, har zuwa ranar da ya shigo gida da wata baƙar kyamara mai nauyi rataye a wuya. Ya saye ta ne wajen wani tsohon mai hoto da ya koma sayar da rigar waya. Irin ta da ce, mai fim. Ba ta da allo a baya. Sai ka kara ta a fuska, ka rufe ido ɗaya, ka leƙa ta wata 'yar taga, ka murɗa gaba, ka murɗa baya, kafin ka danna wanda kake ɗauka ya gama murmushin ya koma tunanin cefane.

Na ce masa, "Yaya, wayarka fa tana ɗaukar hoto."

Ya ce, "Tana ɗauka. Hotuna nawa ne a taki?"

Na ce sun fi dubu.

"Nawa kika taɓa komawa kika duba?"

Na kawar da zancen, don ba na son tambayar malaman makaranta. Shi a cewarsa, fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, don haka sai mutum ya kalli abu da kyau kafin ya danna. Ya ce in ya yi tafiya da ita ba ya neman caji, kuma ba ya ƙare tafiyar da kai a sunkuye yana zaɓen hoto. Ni abin da na gani shi ne, duk Kano ba ya samun mai wanke masa yadda yake so. Sai ya kai fim tasha a ba direba, a kai wa wani Malam Salihu a Legas, a yi ta jira kamar ana jiran mahajjaci.

Sababbin fina-finan a firiji yake ajiye su, cikin robar bota, wai zafi yana lalata su. Wanda ya gama ɗauka kuwa sai ya naɗe shi ya bar ɗan harshensa a waje, ya lanƙwasa bakin harshen don shaida, tunda sababbin ma da harshe a waje suke zuwa, ya ɗora a saman firijin. Wannan shi ne tsarinsa gaba ɗaya, kuma yana alfahari da shi.

Ranar da ya fara saita Inna da kyamarar tana tsince shinkafa a tsakar gida. Da ta ji ƙaras, sai ta miƙa hannu wajena ta ce, "Ki ce ya nuna mini."

Yaya ya ce wa bango, "A ce mata ba ya nunuwa."

Ta karɓi kyamarar ta juya ta gaba da baya, ta shafa bayanta da yatsa kamar yadda ake shafa waya. Ba abin da ya motsa.

"To ina hoton?"

"Yana ciki."

"A goge."

"Ba ya goguwa, sai dai a jira."

Inna ta mayar masa da ita ta hannuna, ta ce ita ba ta taɓa ganin abin da ya kai wannan rashin kunya ba. Na zaci daga nan za ta kafa doka. Sai ba ta kafa ba. A makonnin da suka biyo baya Yaya ya yi ta ɗaukarta: tana dama fura, tana tankaɗe, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ba ta ƙara cewa a goge ba. Na ɗauka ta gaji ne, tunda ba ta da abin da za ta duba ta ga laifin hanci. Da fim ɗin ya cika, ya lanƙwasa harshensa ya ɗora a saman firiji, yana jira ya tara wasu ya aika gaba ɗaya.

Kafin ya tara, Inna ta kwanta ciwo. Zazzaɓi ne, aka kai ta asibiti, ba ta dawo da ƙafarta ba. Allah ya jiƙanta.

Zaman makoki a gidan gado, wanda ya sani ya sani. Gidan ya bar hannunka. Ƙanwar babanmu, Gwaggo Adama, ta zo daga Dukawuya ta karɓi ragamar komai, har da inda za a ajiye takalma. Ta buɗe firiji tana neman wurin zoɓo da ruwan leda, ta ga robar bota cike da abin da ba bota ba. Ta juye su a leda, ta haɗa da abin da ta tarar a saman firijin, ta ƙulle, ta cusa a aljihun kabad ɗin da ya riga ya cika.

Bayan an watse, Yaya ya nemo ledar. Ya zazzage ta a kan tabarma, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya sami mai lanƙwasasshen harshe guda ɗaya tak. Ya ce alhamdu lillahi. Ya kai tasha da kansa.

Dangi duka suka ji labari cewa akwai hoton Inna a hanya. Har aka fara rigimar wanda za a yi wa babba. Ni na sayi firam na ajiye. Sai wata rana Malam Salihu ya kira, Yaya ya saka shi a sifika don kowa ya ji albishir. Mutumin ya ce, cikin ladabi, ya wanke fim ɗin, kuma babu komai a ciki. Haske bai taɓa shi ba ko sau ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa da ya ɗauke ta da waya ya tura mini a ɓoye kafin ta sa a goge, da yanzu muna da ita. Na ce ya ɗauki makonni yana rufe ido ɗaya a tsakar gida yana ƙaras ƙaras da akwatin ƙarfe, ashe wasan kwaikwayo yake mana. Yaya ya tashi ya mayar da sauran fina-finan cikin robar bota. Gwaggo Adama ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da abin da ake ajiyewa a firiji kuma ba a ci ba.

Da aka raba kayan Inna, aka ware zannuwa da ƙwaryar nan tata aka ce a kai wa ƙanwarta Mero, wadda take can Mambila har yanzu. Yaya ya ce shi zai kai bayan babbar sallah. Da safen da zai tafi na ga ya buɗe firiji ya ɗauki fim ɗaya ya saka a kyamara. Na ce, "Au, har yanzu?" Ya ce, "Har yanzu." Na ce Allah ya kiyaye hanya, da muryar da ba ta kai zuci ba.

Ya je ya dawo, ya yi baƙi, ya kawo man shanu da gaisuwa. Ya aika fim Legas. Wannan karon ba wanda ya tambaye shi komai, ni ma firam ɗin na saka masa kalanda.

Ambulan mai ɗauke da hotunan ta iso wata Asabar bayan la'asar, Gwaggo Adama ta zo mana yini. Yaya ya zauna a kan tabarma ya buɗe. Ya zaro na farko ya daɗe yana kallo, har na ce, "Shi ma babu komai?" Ya miƙo mini.

Tashar mota ce a Jalingo, da tankar mai a tsaye. A jikin tankar, dishi-dishi, ga wata mata da tire a cinya tana tsince shinkafa.

Na biyu duwatsu ne kore shar, a samansu kuma, cikin gajimare, ga hannu riƙe da ludayi yana dama fura. Na uku wata jar saniya ce mai manyan ƙaho, sanye da mayafin Inna mai ruwan toka.

Gwaggo Adama ta leƙo, ta ja da baya ta ce, "A'uzu billahi! Mikail, me ka ɗebo mana a dutsen nan?"

Yaya ya ce, "Ba aljanu ba ne, Gwaggo. Fim ɗin Inna ne na sake sakawa. Na ɗauka sabo ne. Hoton tafiya ya hau kan nata." Sannan ya ce, "Amma na lanƙwasa harshensa. Na tabbata na lanƙwasa."

Gwaggo ta ce, "Au, wannan na saman firiji? Ni na miƙe shi. Abu a karkace ba kyan gani."

Wanda aka aika tun farko kuwa sabo ne, matsin aljihun kabad ya lanƙwasa shi. Ba wanda ya ce wa Gwaggo komai. Ita ma ba ta ga abin da za a ce ba.

Muka ci gaba da dubawa. Ga Inna a kan gada, ga ta a kasuwar shanu tana tankaɗe, ga rabinta a gefen wani masallaci. Duk inda rana ta haska a hoton tafiyar, fuskarta ta narke a ciki, sai dai a gane zani ko hannu. Dariya ta kama ni, hawaye suka biyo ta, na rasa wanda zan tsayar. Gwaggo ta ce, "To, ai ta je gidan. Kuma bayan babbar sallah." Ta faɗa ne kamar tana faɗin farashin tumatir.

Amma fuskar nake nema, kuma ambulan tana ta yin sirara. Na fara jin tsoro.

Sai can kusa da ƙarshe. Hoton wani tsohon ɗakin ƙasa ne mai jinka, wanda Mero ta nuna wa Yaya ta ce a nan aka haifi Inna. Ya ɗauke shi da rana tsaka, don haka ƙofar ɗakin ta fito baƙa ƙirin. A cikin wannan baƙin, inda hasken tafiya bai taɓa ba, ga Inna zaune, raɗau, har da 'yar tsagar da ke gefen bakinta. Carbi a hannu, ɗankwali ya ɗan zame.

Gwaggo ta karɓa ta nisanta shi da fuskarta, ta duba sosai, ta ce, "Hancin nata ne."

Ni kuwa ba hancin nake kallo ba. Inna a hoton nan ba bango take kallo ba, ba tire ba. Ta ɗago kai tana kallon mai ɗaukar kai tsaye, ido cikin ido, da wani irin kallo da ni da take kiran sunana kullum ban taɓa samu ba.

Na ce, "Yaya, kai take kallo."

Ya ce, "Eh."

"Ka sani?"

Ya karɓi hoton daga hannun Gwaggo. Ya ce, "In na kara kyamarar, fuskata a rufe take. Sai ta kalle ni. Ta 'yar tagar nake ganinta." Ya gyara riƙon hoton da yatsu biyu don kada ya ɓata shi. "Da waya ba ta yi."

Na tashi na cire kalandar daga firam, na kawo na ajiye kusa da shi. Bai lura ba. Ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Sannan ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba yi a gabanta.