Injin Kumfar da Dogo Ya Ɓoye

Tun ranar da tankin kifinsa ya mutu, Mai Gilashi ya daina yarda da Dogo. Kuma fa ba ƙaramin tanki ba ne. Rabin bangon falo ya cinye, cike da ruwan gishiri da duwatsu da murjani mai rai, irin wanda ke buɗewa da safe kamar fure. Shi ya yanka gilashin da hannunsa, tunda sana'arsa ce. Cikin 'yan makonni murjanin ya koma fari fat, gansakuka ta lulluɓe saura. Duk kuwa don ya kwaikwayi Dogo ya cire injin kumfa.

Ga wanda bai san harkar ba, injin kumfa wani bututu ne da ke kaɗa ruwan tanki har ya yi kumfa, kumfar ta kwaso kashin kifi da ragowar abinci ta tara a kofi. Kofin nan in ka buɗe shi, kwatami ma ya fi shi ƙamshi. Duk mai babban tanki yana da shi, ban da Dogo. Shi ya ce ya cire nasa tun bara, amma murjaninsa sai ƙara kyau yake yi, har abin ya zama na zuwa kallo.

Abin da ya fi ƙona wa Mai Gilashi rai shi ne dariyar abokan kiwonsu, waɗanda ke taruwa a falon Dogo duk ranar hutu da yamma, suna musu a kan ruwa da gishiri har muryoyi su dushe. Direba, wanda bakinsa ba ya da birki, ya laƙaba masa suna Mai Maƙabarta, sunan kuwa ya bi shi har shago. Mutumin da ya haɗa tankin kowa a cikinsu, yau shi ne abin tsokana!

"Ba Dogo ya ce ka rage kifi tukuna ba?" in ji matarsa. "Naka fa sun fi kasuwa cunkoso, ga shi kana ɗura musu abinci kamar za a yanka su."

"Ke me kika sani? Akwai lauje cikin naɗi. Injin na nan, ɓoye shi ya yi."

Da ya sa ido kuwa, sai ya yi ta ganin abubuwa. Ɗan ɗakin da ke bayan bangon tankin Dogo, wanda a da sito ne a buɗe, yanzu kullum a rufe yake. In falon ya yi tsit, kana jin wani gurnani daga can, tare da ɓulɓular ruwa. Mai Gilashi ya san wannan ƙara kamar yadda ya san tarin matarsa. Ya kuma san akwai rami a bayan tankin da bututu zai bi, ai shi ya huda shi. Ga Dogo ana cikin hira zai miƙe ya ce yana zuwa, ya shige ɗakin ya jima, ya fito da fara'a. Me yake yi in ba zubar da kofi ba? Rannan ma ya hango wani siririn tiyo a ƙarƙashin ƙofar, kafin Anti, matar Dogo, ta tura shi ciki da ƙafa.

Sai kuma kyauta. Dogon da a da ko ɓarɓashin murjaninsa ba ya bayarwa sai an yi ta roƙo, yanzu kowa ya zo sai ya tafi da reshe a leda. Toshiyar baki ke nan, in ji Mai Gilashi a ransa. Wanda ya ci naka ai ba ya binciken ka.

Ranar hutun nan ya zo da shirinsa. Ya tarar Dogo zaune a gaban tankin, ya buɗe durowar ƙasa yana nuna wa Direba da wani abokinsu Akawu wani ƙaramin tanki da ciyawar teku ta cika, fitila na haska ta.

"Wannan ita ce injina," in ji Dogo. "Ita ke cinye dattin... ni kuma in yanke ta in zubar. Kifi kaɗan... abinci kaɗan... sai canjin ruwa. Ba wani sirri."

Yana maganar yana tsayawa a tsakiya. Mai Gilashi ya yi murmushi. Haka maƙaryaci yake, sai ya tsaya ya nemo ta gaba.

"Yaya Dogo, wa ke ɗaukar maka jarkokin ruwan?" ya tambaya.

"Antinku, Allah ya saka mata."

"Anti? Kai da ko gishiri ba ka bari wani ya auna maka?"

"Ka ji Mai Maƙabarta," in ji Direba. "Shi da ya binne nasa, yanzu ya koma alƙalin masu rai."

Aka kwashe da dariya. Dogo ma ya yi, dariyar ta juye tari, ya dafa kujera ya miƙe ya ce yana zuwa. Ƙofar ɗan ɗakin ta rufe. Ba a jima ba gurnanin ya tashi, da ɓulɓular nan.

Mai Gilashi ya ɗaga yatsa. "Ku yi shiru. Kun ji?"

Suka kasa kunne. Akawu ya dubi Direba.

"Kai, wallahi kamar injin kumfa," in ji Akawu.

"Kamar? Shi ne! Ni aka mayar sakarai, na kashe tankina, kuna ta yi min dariya. Ku taso ku gani da idonku."

Anti ta fito daga kicin da faranti a hannu, ta tare hanya. Fuskarta ta canza.

"Ƙanina, don girman Allah ka koma ka zauna."

"Anti, matsa min. Ba da ke nake ba."

"Na roƙe ka. Ba abin da kake zato ba ne."

Wannan roƙo shi ya ƙara tabbatar masa. Ya ratse ta gefenta, ya murɗa hannun ƙofar ya banka, su Direba na leƙe ta kafaɗarsa.

Dogo na zaune a bakin wani ɗan gado, ya dafa gwiwoyinsa, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Siririn tiyon nan ya zagaya kunnuwansa ya shiga hancinsa. Ɗaya bakin kuma yana jikin wata na'ura mai kama da ƙaramin firji, irin wadda ake sa wa marasa lafiya don ta ba su iska. A gabanta akwai 'yar kwalba da ruwa ke ɓulɓula a ciki. Bangon da ke jingine da tankin kuwa a shafe yake, ko bututu ɗaya babu.

Mai Gilashi ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙafa, ya rasa inda zai ajiye idonsa. Sai a lokacin ya ga yadda wuyan rigar Dogo ya yi masa yawa.

"Huhu ne," in ji Anti daga bayansu. "Warin kofin nan ke shaƙe shi, shi ya sa ya cire injin. Ya ce kada kowa ya sani."

Direba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mutumin da ba a taɓa jin ya yi magana a hankali ba ya sassauta murya.

"Sannu, Yaya. Allah ya ba da lafiya."

"Sannu, sannu," in ji Akawu. "Da mun sani ai da ba mu riƙa damun ka da surutu ba. Bari mu tafi ka huta."

Dogo ya rufe ido. Da ya buɗe, Mai Gilashi ya kalla, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ka ji ko?" ya ce, yana jan numfashi. "Asibiti sannu... 'yan uwa sannu... maƙwabta sannu. Falon nan kaɗai ya rage min... inda ake zuwa a ce min ƙarya nake, a yi musu da ni kamar mutum."

"Yaya, ni ban..."

"Na sani. Ja min ƙofar."

Mai Gilashi ya ja ƙofar. A falo su Direba sun riga sun fara neman takalmansu, suna tafiya da sanɗa, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a bakin ɗakin jinya.