Makin da Muka Ba Marlene

Dabarar ta Dwayne ce, amma ba zan ɗora masa shi kaɗai ba, don da ya kawo ta har tafi muka yi masa. A ɗakin shan kofi ne, ranar da aka turo mana binciken jin ra'ayin ma'aikata na shekara, irin wanda ake ba da maki daga ɗaya zuwa biyar ba tare da an sa suna ba. Lokacin a cike muke fam da hedikwata. Suna can Toronto suka zauna suka yanke cewa sitonmu na Winnipeg zai riƙa buɗewa ran Asabar, ba wanda suka tambaya, kamar mu ba mu da iyali.

Dwayne, direban motar ɗaga kaya, ya karanto mana wata tambaya daga wayarsa: "Na amince da shugabannina." Ya ɗago kai yana murmushin mugunta.

"Jama'a, ga dama ta samu. Kowa ya danna ɗaya. Bari 'yan Toronto su ji a jikinsu."

"Kai da ko sunan babban darakta ba ka sani ba?" in ji Precy, mai lissafin kayan sito.

"Ina ruwana da sunansa? Asabar ɗina na sani."

Muka yi dariya, muka danna ɗaya gaba ɗayanmu. Marlene Friesen, manajarmu, tana ofishinta, bango ɗaya ne tsakaninmu. Matar da idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya ita ke fara zuwa ta share bakin ƙofa. Da matata ta kwanta asibiti bara, ita ta gyara mini lokutan aiki ban ma roƙa ba. Ko a ranmu ba mu kawo ta cikin maganar ba.

Aka kwana biyu, har mun manta. Da safen ranar da za a zauna a kan sakamakon, Precy ta shigo fuska ba walwala. Tana da ƙawa a ofishin kula da ma'aikata, ita ta tsegunta mata.

"Terry, mun yi ɓarna," ta ce da ni. "Tambayar nan, ba a kan 'yan Toronto ake lissafa ta ba. A wajensu shugabanka shi ne wanda yake kanka kai tsaye. Marlene ce ta zo ta ƙarshe a duk kamfanin. Sun ce ta kawo tsarin gyara kafin bazara, in ba su gamsu ba a turo wani."

Na dafe kai. Dwayne kuwa ya tsaya da kofi a hannu, baki buɗe, ya kasa kurɓa.

Marlene ta shigo ɗakin shan kofi da kwalin donot, soyayyen burodin nan mai zaƙi, ta ajiye a tsakiyar tebur. Ba wanda ya miƙa hannu, har Dwayne da ba a taɓa ganin ya bar donot ya kwana ba. Ta rame, sai a ranar na lura. Ta kunna na'ura ta haska sakamakon a bango, layinta ja wur a can ƙasa.

"Da farko na gode da kuka faɗi gaskiya," ta ce. "An tura ni kwas a kan yadda ake irin wannan zama. Ba zan kare kaina ba, ba zan nemi sanin wanda ya ba da wane maki ba. Saurare kawai na zo yi. Ku faɗa mini inda na gaza."

Ni dai igiyar takalmina nake kallo.

"To bari in fara," ta ce. "Na yi ta tunani. Wataƙila yadda nake leƙowa sito a kai a kai ne, kuna ganin kamar sa ido nake yi. Na rage. Ko kuma maganar da na yi maka a gaban mutane, Dwayne, ranar da ka bugi kantar jera kaya da mota. Bai kamata ba, ka yi haƙuri."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe shi ya sa ta daina leƙo mu. Mu muna can muna cewa aiki ne ya yi mata yawa, ita kuwa tana zaune ita kaɗai tana tono laifin da ba ta yi ba.

Dwayne ya yi gyaran murya. "Manaja, gaskiya ni ne na..."

"A'a, Dwayne, kar ka faɗa. Ba a yarda in sani ba."

"Ai ba haka ba ne, ni na ce kowa..."

"Don Allah. In ka faɗa, ni za a kama da laifin tilasta maka."

Ya hau sosa ƙeya. Na ga idan aka bi dokar kwas ɗin nan haka za mu tashi, ta tafi da kayan da ba nata ba. Sai na miƙe.

"Marlene, ba mutum ɗaya ba ne, dukkanmu ne. Baki muka haɗa, a ɗakin nan. Toronto muka nufa, saboda maganar Asabar. Ba mu san a kanki zai faɗo ba."

"Za mu rubuta musu," Precy ta yi caraf ta ce. "Kowa ya sa hannu, mu ce kuskure ne."

Marlene ta ja kujera ta zauna. Na zaci za ta yi dariya, ko ta zage mu mu samu sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"A ɗakin nan?"

"Eh."

"Ina ofis?"

Na gyaɗa kai.

"Kun san sau nawa na kira Toronto a kan Asabar ɗin nan? Da wani ya ƙwanƙwasa ƙofata, da na faɗa masa. Da na faɗa muku ma yadda ake lissafa tambayar." Muryarta ba ta tashi ba, da ta tashi ma da ya fi mana. "Me ya hana?"

"Mun ga kamar... ke ma ai manaja ce," in ji Dwayne a hankali. "Kar maganar ta kai sama."

Ta jinjina kai, ta juya ta kalli jan layin da ke bango, ta daɗe tana kallonsa.

"Precy, bar batun sa hannun nan," ta ce. "Tambayar cewa ta yi ko kun amince da ni. Kun shirya abu dukkanku, bango ɗaya tsakaninmu, ba wanda ya yarda in ji. To ina kuskuren da za ku ce musu an yi?"

Ta kashe na'urar, ta ce motar kaya ta iso tun ɗazu, kar mu bar direba yana jira cikin sanyi.