Sabon Shiga a Zauren Iyaye

Haliru ya ɗago haɓar 'yarsa Afra'u da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da waya yana ɗaukar bidiyon fasasshen leɓenta. Yarinyar ta toshe kunnuwanta, tana ta rausaya gaba da baya. Ƙarar injin niƙa ce ta firgita ta a kasuwar Rano, ta ƙwace daga hannun uwarta Barira, ta bangaje teburin Ramalan mai manja. Shi kuwa ya kwashe ta da mari, ya zare bel ya yi ta zabga mata, wai aljanun kanta yake kora.

Jiya-jiyan nan Malama Saudat, ma'aikaciyar jinya, ta saka Haliru a zauren Watsaf na iyayen yara masu galahanga, bai ce uffan a ciki ba tukuna. Ya tura bidiyon, ya rubuta sunan Ramalan da layin rumfarsa, ya ce duk namijin da ke zauren ya same shi can.

Nan take Saudat ta goge saƙon, ta kira shi. Ta ce ba a sa hoton yaro yana cikin firgici, ba a kuma kama sunan mutum don a far masa. Sabon shiga sallama yake fara yi, ya faɗi damuwarsa, ya saurara. Ta roƙe shi ya kawo yarinyar asibiti, sannan su kai ƙara.

"Malama, 'yata aka fasa wa baki, ke kina koya mini gaisuwa?" Ya katse kiran.

Ya zaro sifana daga ƙarƙashin kujerar adaidaitarsa, ya nufi kasuwar. Ramalan na tsugune yana kwashe fasassun kwalabe sa'ad da ƙarfen ya sauka a kan hancinsa. Ya kife cikin manja, Haliru ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari, sai da mahauta suka taru suka janye shi.

Ya shigo gida yana huci, rigarsa jina-jina. Afra'u na ganinsa ta ƙwalla ƙara, ta shige ƙarƙashin gado tana buga goshi da siminti. Barira ta ce masa a hankali, irin ihun da yarinyar ta yi wa Ramalan ke nan.

Ya daɗe a tsaye kafin ya ciro wayar, ya rubuta a zauren:

"Salamu alaikum. Ni sabo ne. 'Yata tana ƙarƙashin gado, ni take tsoro. Yaya zan yi?"

Wata Maimuna daga Kibiya ta amsa: ya cire rigar, ya wanke hannu, ya tura mata matashi, ya zauna a ƙasa nesa da ita, kada ya yi magana kome daɗewa.

Ya yi hakan. Bugun ya fara raguwa. Can sai babur ya tsaya a ƙofar gida, muryar ɗan sanda ta kira sunansa. Barira ta dube shi. Haliru ya ɗora yatsa a kan leɓensa, bai motsa ba.